Shin Riyadh Air zai iya riƙe hanyar Kano kai tsaye?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabon kamfanin Riyadh Air zai ci riba in ya buɗe hanya daga Riyad zuwa Kano, tunda mu Hausawa muna da yawa a nan Saudiyya. Wallahi ni ma burina ke nan, amma yawanmu kaɗai ba ya ciyar da jirgi.

An sanar da kamfanin a 2023, asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ne ya mallake shi, kuma ya yi odar jiragen Boeing 787. Irin wannan jirgi sai ya cika zuwa da dawowa, rani da damina. Ka duba fasinjanmu: farkon azumi na taso daga Kano zuwa Jidda, ko kujera ɗaya babu, jama'a da ihrami a jaka. Da zan koma a watan Safar kuwa, layi guda ni kaɗai, har na miƙe ƙafa na yi barci. Kuɗin man jirgi da albashin matuƙa duk ɗaya ne a tafiyar biyu. Kuma mahajjaci Jidda da Madina yake nema, Riyad ba hanyarsa ba ce.

Ribar doguwar tafiya tana kujerun gaba masu tsada da kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi. Sannan ga matsalar dala: a 2022 kamfanin jiragen Emirates na Dubai ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗinsa sun maƙale, bai dawo ba sai Oktoban 2024. A ganina Legas za su fara dubawa, inda 'yan kasuwa masu wucewa Sin da Indiya suka fi yawa.