Ga Maman da 'yarta ke son zama firist a Ingila

Mama, sannu da ƙoƙari. Kin ce 'yarki ta tashi a cocin Angilika, daga Sande Sukul har ƙungiyar mawaƙa, yanzu tana Ingila tana cewa Allah na kiranta ta zama firist, kina tambaya ko zai yiwu, kuma ta ina za ta fara.

A can yana yiwuwa. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firistoci ranar 12 ga Maris 1994 a Bristol, su 32 a rana ɗaya.

Amma ba fom ake cikewa ba kamar neman aiki. Abin da za su fara dubawa shi ne wa ya san ta. Su a wurinsu kira ba ya tsayawa a bakin mai shi, sai ikilisiya ta shaida. Don haka ta zauna a coci ɗaya, a ga fuskarta kowace Lahadi, ta karanta nassi a gaban jama'a, ta koyar da yara, ta je gaida marasa lafiya, har wanke kofunan shayi bayan sujada. A nan da yawa ke tuntuɓe: yau wannan coci, gobe wancan, ranar da aka nemi mai rubuta musu shaida sai a rasa.

Idan ta zauna, sai ta gaya wa firist ɗinta. Shi zai haɗa ta da jami'in dayosis (yankin da bishop ke shugabanta) mai kula da masu neman naɗi, wanda suke kira DDO. Za su yi ta ganawa, sau da yawa fiye da shekara, ana tona rayuwarta: addu'a, aure, bashi, yadda take ɗaukar gyara. Daga nan tantancewa mataki biyu, amma bishop ne mai magana ta ƙarshe. Karatu shekara 2 ko 3 ne, a makarantu irin su Ridley Hall a Kambirij ko Cranmer Hall a Durham. A naɗa ta dikin, wato mai taimaka wa firist, tukuna, bayan kamar shekara a naɗa ta firist, ta yi shekara 3 zuwa 4 a ƙarƙashin wani firist babba. Dikin sai mai shekara 23, firist 24.

Ki nemo mata takardun baftisma da na tabbatarwa tun yanzu, kafin gara ta riga ki.

Abu biyu kada a ɓoye mata. Ko a Ingilar akwai majami'un da ba sa karɓar Jibin Ubangiji daga hannun mace, doka ta ba su dama, kuma kafin naɗi sai ta amince za ta zauna tare da su a cikin Cocin Ingila. Na biyun ya fi ciwo: Cocin Angilika na Najeriya ba ya naɗa mata firistoci. In ta zo hutu, cocin da ya raine ta zai yi mata maraba, amma ba za ta tsaya a bagadi ba. Ku yi wannan magana ke da ita, da babanta, kafin ta je wurin DDO.