Wai da zafin ƙasa ake ɗumama jami'o'in Turai da Amurka?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce a nan Bauchi, na ji lakcara ɗinmu yana cewa wasu jami'o'i a waje sun daina ƙona gawayi da gas, wai da zafin cikin ƙasa suke ɗumama ajujuwa da hostel, shin gaskiya ne, kuma mu ma za mu iya?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yata. Gaskiya ya faɗa miki. Kin taɓa jan ruwa a rijiya da asubar hunturu kika ji shi da ɗumi, amma da bazara ruwan nan dai ya zo da sanyi? To ruwan bai canza ba, ƙasa ce da an ɗan nutsa cikinta yanayinta kusan ɗaya ne duk shekara, mu na sama ne ke shan sanyi da zafi.

Dabarar kenan. Ana haƙa ramuka kamar na bohal, a zura bututu ruwa na zagayawa ciki, sai wata na'ura mai aiki irin na firij ta jawo ɗumin zuwa ɗakuna, lokacin zafi kuma a juya ta ta kwashe zafin ɗaki ta tura ƙasa. Jami'ar Ball State a jihar Indiyana ta Amurka ramuka sama da 3,000 ta haƙa, gine-gine 47 ke kan tsarin, a 2014 ta kashe tukwanenta guda huɗu masu ƙona gawayin kwal don ɗumama gine-gine gaba ɗaya. Su kuwa mutanen ƙasar Aisland a Turai ruwan zafi ne ke fitowa musu kai tsaye daga cikin ƙasa, gida tara cikin goma da shi suke ɗumi.

Mu ma muna da ɗan namu ai, maɓuɓɓugar Wikki a Yankari ruwanta digiri 31 ne dare da rana, duk wanda ya taɓa shiga da sassafe ya san daɗin da nake nufi.

Amma fa 'yata waye ke neman ɗumi a Bauchi a watan Afrilu? Sanyinmu na 'yan makonni ne, bargo da kunun gyaɗa sun gama da shi. Ɓangaren sanyaya ɗaki shi ne namu, kuma nan akwai matsala, ƙasarmu ta fi tasu ɗumi don haka ribar ba za ta kai tasu ba, ga kuɗin haƙa, ga dutse a ƙasan Bauchi wanda masu bohal sun sani, sannan na'urar da wutar lantarki take aiki, in NEPA ta ɗauke komai ya tsaya, in kuma janareta za a tayar ai hayaƙin da ake gudu ya dawo. Ni da za a tambaye ni sola zan ce a fara sawa, ramukan su biyo baya.