Ga ɗan'uwan da shirinsa ya rushe: ina hannun Allah a ciki, ina naka?

Salama, ɗan'uwa. Ka rubuto a wannan zauren ka ce shekara biyu kana tara jari don ku buɗe sana'a kai da abokinka, ka yi addu'a, ka yi azumi, ka cika sauran da rance, sai ana dab da farawa abokin ya janye da kasonsa, abin ya watse, ga bashi a wuya. Wani ya ce maka Allah ne bai nufa ba, wani ya ce aikin Shaiɗan ne, wani kuma ya ce bangaskiyarka ce ta gaza. Kai kuwa tambayarka ita ce: in Allah ya riga ya tsara komai, mene ne amfanin shiri da addu'a, kuma ta yaya za ka gane ko shi ne ya hana?

Sannu da wannan jarraba. Bari in fara da abin da ba a gardama a kansa. Littafi Mai Tsarki bai yi nuƙu-nuƙu ba wajen cewa Allah ne mai iko da ƙarshen kowane al'amari. Karin Magana 16:9 ta ce mutum yakan tsara hanyarsa a zuci, amma Ubangiji ne ke bi da sawayensa. A 19:21 an ce dabarun zuciyar mutum da yawa suke, nufin Ubangiji ne kaɗai zai tabbata. Sai dai ka lura, littafin nan da ya faɗi haka shi ne ya fi kowane littafi matsa wa mutum ya yi shiri: ka nemi mashawarta da yawa (15:22), ka gyara gonarka kafin ka gina gida (24:27), ka san halin da garkenka yake ciki (27:23). Marubucin bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Mu ne muke ƙirƙiro saɓanin, don muna zaton in Allah ya ɗauki kaso mai yawa a cikin al'amari, namu kason ya ragu ke nan. Ba rabon gado ake yi ba. Allah yakan ƙaddara inda abu zai ƙare, ya kuma ƙaddara hanyar da za a bi a kai can, shirinka da addu'arka suna cikin hanyar.

Inda aka fi ganin wannan a fili shi ne Ayyukan Manzanni sura 27. Ina roƙonka ka karanta ta a hankali, ba gudu-gudu ba. Bulus ɗan sarƙa ne, ana kai shi Roma a jirgin ruwa na Iskandariya mai ɗauke da alkama, mutum 276 a ciki. Suna tsibirin Karita ya gargaɗe su kada su tashi, don lokacin tafiyar teku ya wuce. Jarumin sojan, Yuliyas, ya fi jin maganar matuƙin jirgi da mai jirgin, yawancin mutane ma suka goyi bayan a tashi. Guguwa ta kama su. Suka ɗaure cikin jirgin da igiyoyi, suka zubar da kaya, a rana ta uku suka jefar da kayan aikin jirgin, kwana da kwanaki ba rana ba taurari. Nan mala'ika ya gaya wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta, jirgin ne kawai zai tafi. To, alkawari ya fito daga bakin Allah, ba sauran shakka.

Dubi abin da Bulus ya yi da alkawarin. Kafin ma ya faɗe shi, sai da ya ce musu da sun ji maganarsa da ba su tashi daga Karita ba. Wato bai ce "haka Allah ya so" ya shafe kuskuren ba, ya kira shi da sunansa. A dare na 14 ma'aikatan jirgin suka gwada zurfin ruwa, suka sami gaba 20, suka sake gwadawa suka sami gaba 15, suka saki anka huɗu ta baya. Sai suka yi niyyar sulalewa da ƙaramin kwalekwale, suna yi kamar za su saki wasu anka ta gaba. Bulus ya ce wa jarumin da sojojinsa, in mutanen nan ba su tsaya a jirgi ba, ku ba za ku tsira ba. Mutumin da ya ce ba wanda zai mutu, shi ne ya ce in ba a yi kaza ba za a mutu. Sojoji suka yanke igiyar kwalekwalen. Ya sa kowa ya ci abinci don su sami ƙarfi. Da jirgin ya kafe ya fara farfashewa, masu iya iyo suka fara faɗawa, sauran suka bi a kan katakai. Duka 276 suka kai gaɓar Malta. Allah ya cika maganarsa daidai, amma ta hannun masu auna ruwa, da wuƙar soja, da cin abinci, da iyo. Duk wanda ya ce maka dogara ga ikon Allah yana nufin naɗe hannu, ka kai shi wannan surar. (Maganar nan da ake yawan yi, wai Allah ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce, kada ka wahalar da kanka nemanta. Amma Nehemiya 4:9 aya ce: masu ginin garun Urushalima suka yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana.)

Addu'a ma haka take. An aiko Ishaya ya gaya wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa, mutuwa zai yi. Ya juya ga bango ya yi kuka, aka ƙara masa shekara 15, aka kuma ce a kwaɓa ɓaure a manna a kan marurun (2 Sarakuna 20). Addu'a da magani a wuri ɗaya. Bulus kuwa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke ƙoƙon, ya ƙare da cewa nufin Uba za a yi. In an hana Bulus da Yesu abin da suka roƙa, wanda ya ce maka ƙarancin bangaskiya ne ya rushe sana'arka ya faɗi abin da ba shi da hurumin faɗa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi wuya: yaya za ka gane ko Allah ne ya rufe ƙofar? Gaskiyar magana, daga rufewar kaɗai ba za ka gane dalili ba, kuma nan ne masu bi da yawa suke ɓata. Bulus ya so shiga Asiya da Bitiniya, Ruhu Mai Tsarki ya hana shi (Ayyukan Manzanni 16:6-7). Ya so komawa Tasalonika, ya ce Shaiɗan ne ya hana shi (1 Tasalonikawa 2:18). Daga waje duk kamarsu ɗaya, tafiya ce ba ta yiwu ba. A Afisa ya ce an buɗe masa babbar ƙofa, ga kuma magabta da yawa (1 Korantiyawa 16:9), ke nan wahala ba alamar hani ba ce. Yunusa kuwa da yake gudun aiken Nineba, yana isa Yafa ya tarar da jirgin Tarshish a shirye, ga kuɗin jirgi a hannu. Komai ya zo masa da sauƙi, alhali tawaye yake yi. Saboda haka ka daina karanta nufin Allah daga sauƙi ko tsanani. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba mana aiki: abubuwan da ke ɓoye na Ubangiji ne, waɗanda aka bayyana namu ne domin mu aikata. Dalilin da ya sa Allah ya bar abin ya faru yana cikin na ɓoye. Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, sai a shekara ta biyu ta yunwa ya iya ce wa 'yan'uwansa Allah ne ya aiko shi gaba don ceton rai. Kusan shekara 22 ke nan kafin ma'anar ta fito. A lokacin ma bai wanke su ba, daga baya ya ce musu sun nufe shi da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri (Farawa 50:20). Janyewar abokinka, in da cin amana a ciki, laifinsa ne, ikon Allah bai mai da shi adalci ba.

Abin da ya rage naka shi ne na bayyane, kuma ga yadda ake binsa. Ka ɗauki takarda, ka zauna da mutum biyu: dattijon ikkilisiya da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, da wani da ya daɗe a irin sana'ar. Kada ka zaɓi masu lallashi. Ku bi shirin daga farko, ku ware abubuwa kashi-kashi. Akwai abin da ya saɓa wa maganar Allah a ciki, kamar ɓoye wa mai ba da rance gaskiya, ko alkawarin da ka san ba za ka iya cikawa ba? In akwai, wannan na tuba ne da gyara, ba na bincike ba. Akwai abin da ba zunubi ba ne amma rashin dabara ne? Nan yawancin irin wannan rushewar take, kuma wuraren da ake faɗuwa sanannu ne. An yi yarjejeniya da baki ba a rubuta ba, don ana ganin neman sa hannu daga ɗan'uwa cikin Kristi rashin yarda ne. Ba a faɗi abin da zai faru ba in ɗaya ya janye. An karɓi rance kafin kuɗin abokin ya shigo. An zuba duk abin da aka mallaka wuri ɗaya, alhali Mai-Wa'azi 11:2 ya ce a raba kashi bakwai har takwas don ba a san masifar da ke tafe ba. An lissafa kuɗin buɗewa, ba a lissafa na watannin farko da ciniki bai kankama ba, irin mai ginin hasumiyar da Yesu ya ambata a Luka 14:28. Sau da yawa kuma azumin da aka yi ne yake hana tambaya: mutum ya ji salama a zuciya, sai ya ɗauka an ba shi izinin tsallake shawara. Salama a zuciya abu ne mai kyau, amma ba ta karanta takardar rance.

Abin da ya saura bayan kun cire waɗannan biyun, wato abin da ba wanda zai iya hangowa, shi ne za ka bar wa Allah ba tare da zargin kanka ba. Mai-Wa'azi 9:11 ya ce ba kullum mai sauri ke cin tsere ba. Da aka gaya wa Yesu labarin masifa, ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba da suka dage sai sun samo zunubin da ya jawo masa asara, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa.

Na ga an turo maka Irmiya 29:11, mai cewa Allah yana da shirin alheri dominku, da Romawa 8:28, mai cewa kowane abu yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ayoyi ne masu daɗi, amma a karanta su da maƙwabtansu. Ta Irmiya an rubuta ta ne ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70. Annabin da ya ce shekara biyu kawai za a yi, Hananiya, shi ne na ƙarya. Abin da aka umarce su a tsakani shi ne su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure a inda ba su so zama ba. Ta Romawa kuma, aya ta 29 ta fassara alherin da ake nufi: a siffanta mu da kamannin Ɗan. Ba a yi alkawarin cewa wata sana'a mafi girma tana jiranka wata mai zuwa ba. Tana iya zuwa, Allah mai yi ne, amma wanda ya ɗora bangaskiyarsa a kan abin da ba a alkawarta ba, in ya sake faɗuwa da Allah zai yi fushi.

Kada kuma muhawarar masana ta ɗauke maka hankali. Mabiyan Calvin da na Arminius, malaman tauhidin Kirista biyu na Turai, sun daɗe suna ja-in-ja kan yadda ikon Allah yake haɗuwa da zaɓin mutum, har aka yi babban taro a kai a Dort ta ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619. Amma duka ɓangarorin sun yarda Allah ba shi ne mafarin zunubi ba, mutum zai ba da lissafin aikinsa, addu'a kuma ba wasa ba ce. Wannan ya ishe ka aiki.

In za ka sake shiri, ina kuwa ganin ya kamata ka sake, Yakubu 4:13-15 ya ba da tsarin. 'Yan kasuwar da ya tsawata wa sun faɗi rana, da gari, da tsawon zama, da riba. Bai ce su daina faɗin waɗannan ba, cewa ya yi su ƙara da "in Ubangiji ya yarda". Ba a baki kawai ake ƙara ta ba, a takarda ma ana ganinta. Mai faɗinta da gaske yakan ajiye wani abu a gefe da ba zai taɓa ba, ya rubuta sharaɗin rabuwa tun ana dariya da juna, ya ƙi rancen da ba zai iya biya ba in sana'ar ba ta tashi ba, ya kuma sa ranar da zai tsaya ya duba ko a ci gaba ko a haƙura.

Amma kafin sabon shiri, bashin. Kada ka jira mai bin ka ya neme ka. Ka je da kanka cikin makon nan, da shaida ɗaya, ka faɗa masa abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ka lissafa abin da ya rage a hannunka na kaya ko kuɗi, ka fara rage uwar kuɗin da shi, sauran ku rubuta nawa za ka riƙa biya da kuma wace rana, adadin da ka tabbata za ka iya ko da wata ya zo da matsi. Abokin naka kuma ka bi Matiyu 18:15-16: ka same shi ku kaɗai tukuna, in bai saurara ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, kada ka fara da kawo sunansa cikin wannan zauren. In ka gaya mana ko rancen na da ruwa, da kuma ko akwai wani abu a rubuce tsakaninka da shi, akwai 'yan'uwa a nan da za su taya ka tsara biyan.