Tsinke goma na bar masa, goma na tarar

Dakta, na ga saƙonka. Ka ci jarrabawar kashi na ɗaya ta horon ƙwarewa, ka zama siniya rijistara, wato na ƙasa da babban likita, wata mai kamawa za a damƙa maka ɗakin gaggawa na yara, kana tambayar yadda za ka jagoranci ƙananan likitoci ba tare da sun tsane ka ba. Barka da arziki, Allah Ya sa albarka. Amma wutsiyar tambayar taka ba ta yi mini daɗi ba. Ku yaran yanzu kun cika damuwa da a so ku. Wa ya ce maka an ba ka ɗakin nan ne don a so ka? Batun jadawalin kwana, da wa zai karɓi sabon mara lafiya, da yadda ake jera bayani a gaban babban likita, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya shekara uku a sashen yara bai san waɗannan ba, to ba ni zan koya masa ba. Abin da ya sa na zauna ba ka amsa wata yarinya ce da tambayarka ta tuno mini.

Ina siniya rijistara kamar yadda kake yau, cikin watan Satumba, ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana ɗaki har yara biyu su raba gado ɗaya, iyaye mata suna kwance a tabarma a baranda. Zamanin kwinin ne. Ku kun taso kun tarar da atesunet, maganin zazzaɓin da ya maye gurbin kwinin, ku auna miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, ku tura a jijiya cikin 'yan mintuna. Ba ku san wahalar da aka sha ba kafin babban binciken nan na 2010, wanda aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a nan gida, ya nuna atesunet ya fi kwinin ceton rai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta a 2011. Mu a lokacinmu kwinin ake zubawa cikin ledar ƙarin ruwa, miligiram 20 a kowane kilo a karon farko, a ɗiga shi a hankali awa huɗu. Kuma kwinin yana zuga jiki ya fitar da insulin, suga ya faɗi ƙasa, ga shi cutar kanta tana cinye sugan.

Aka kawo yarinyar bayan la'asar daga ƙauye a kan babur, shekararta uku, kilo 11, ba ta cikin hayyacinta, ta yi jijjiga sau biyu a hanya. Ni na karɓe ta da hannuna. Na gwada suganta, lafiya lau. Na ɗaura kwinin, na rubuta a folda da manyan baƙaƙe cewa a gwada suga duk bayan awa huɗu, da kuma duk lokacin da ta sake jijjiga. Na'urar gwajin suga ta ɗakin ta yi wata guda ba tsinke, wato ɗan abin da ake ɗiga jini a kai, kowane gwaji da nasa, don haka na sayi tawa da albashina, ina yawo da ita a aljihun kwat. Wajen ƙarfe goma na dare aka kira ni ɗakin jarirai, wani jariri shawara ta yi masa yawa, sai an canja masa jini, aikin da ba a yinsa da gaggawa. Na kira ƙaramin likitan da ke kwana da ni, yaro mai kaifin baki, wanda duk tambayar da aka yi a zagayen duba marasa lafiya shi ke fara ɗaga hannu. Na miƙa masa na'urata da gwangwanin tsinke. Na ƙirga a gabansa, guda goma, don kuɗina ne.

Ƙarfe biyu da rabi na leƙo. Daga bakin ƙofa na tambaye shi, yaya sugan yarinyar gado na shida? Ya ce, an duba Cif, 5.2, wato lafiya lau. Ya ce ta ɗan yi jijjiga, ya ba ta dayazifam, maganin tsayar da jijjiga mai sa barci, ta lafa. Na ce madalla, na juya na koma wajen jaririna. Tsakanina da gadon nan bai fi taku goma sha biyu ba.

Ana kiran assalatu wata tsohuwar sista, wadda ta fara aiki tun ina firamare, ta zo ta kama hannun rigata, ta ce, likita, zo ka ga 'yar nan, jikinta ya yi sanyi kuma tana gumi. Na ruga. Na karɓi na'urar daga kan tebur, na buɗe gwangwani, sai na ga tsinke cike. Na zazzage su a tafin hannuna, goma cif. Na ɗauki ɗaya na soki yatsarta, na'ura ta kasa ba da lamba saboda tsabar ƙasa da sugan ya yi. Na tura mata ruwan suga mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 a kowane kilo, mililita 55 ke nan, abin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci a bakin asibiti ba. Sugan ya tashi, ita ba ta tashi ba. Ta cika kafin azahar.

Na buɗe folda. Lambobi uku a jere, ƙarfe goma, ƙarfe biyu, da na bayan jijjiga, da biro ɗaya, da kyakkyawan rubutu. Za ka ce mini zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kisa ko da suga bai faɗi ba. Na sani, na fi ka sani. Amma yarinyar nan da yamma tana janye ƙafa in an matsa ta, tana kan hanyar dawowa, kuma jijjigar tsakar daren nan jiki ne yake roƙon suga, aka ba shi maganin barci.

A taron bitar mace-mace na ƙarshen wata, yaron nan ya miƙe a gaban manya ya ce da na'urar ɗaki ya gwada. Na'urar da kowa a zauren ya san ba ta da tsinke! Ba wanda ya ƙure shi. Babban likitanmu ya juyo ya dube ni ya ce, kai ne siniya, kai ka gani da idonka? Na yi shiru. An sa wa yaron hannu a takardarsa ya wuce sashen gaba, ni kuma aka shekara ana ba da misali da darena. An ce babba juji ne, na yarda, na ɗauka. Abin da ban iya haɗiyewa ba har yau shi ne uwar yarinyar, da ta goya gawar 'yarta, ta durƙusa ta yi mini godiya, ta ce kun yi iya ƙoƙarinku, kwananta ne ya ƙare. Shekaru sun wuce ashirin, ban yafe ƙaryar nan ba, kuma tambayar babban likitanmu tana nan daram, domin gaskiya ya faɗa.

To ka ji aikinka. Duk daren da kake kwana, tun da magariba ka ware yara uku ko huɗu da suka fi kowa jin jiki, waɗannan naka ne, ba ka aika kowa. Ƙarfe biyu na dare ka tsaya a kansu, ka taɓa tafin ƙafa, ka ƙirga numfashi na minti guda cur, ka duba ledar ruwa ko tana ɗiga yadda aka rubuta. In an ce maka an yi gwaji, ka ce a nuna maka. Gani ya kori ji. Mai tamowa mai tsanani kuma ka sa masa ido na musamman, don sabon likita in ya ga ido ya faɗa, fata ta yamutse, hannunsa rawa yake ya buɗe ruwa a jijiya, zuciyar yaron kuwa ba za ta ɗauka ba. Ba a sa wa mai tamowa ruwa a jijiya sai in jininsa ya daina zagayawa yadda ya kamata, kuma kai za ka yanke wannan hukunci, ba wanda ya fito makaranta wata uku da suka wuce ba.

Ranar farko ka tara su ka gaya musu magana ɗaya: wanda ya ce maka ban yi ba, na manta, ko na kasa samun jijiya, ba za ka daka masa tsawa ba, za ku je ku yi tare. Wanda ya rubuta abin da bai auna ba, ba za ka sa masa hannu ba ko ɗan wane ne. Kuma ka cika alkawarin farkon, domin in ka wulaƙanta yaro sau ɗaya a gaban iyaye mata don ya faɗi gaskiya, gobe lambar ƙarya zai rubuta maka. Gyara a ofis ake yinsa, ƙofa a rufe.

Miƙa aiki a bakin gado ake yi. Abin da nake gani yanzu yana tayar mini da hankali: a ɗauki hoton folda a tura ta WhatsApp, siniya yana kwance a ɗakin hutu yana ba da umarni da babban yatsa. Hoto ba ya nuna maka gumi mai sanyi. Rabinku kuma hankalinku yana kan jarrabawar fita Ingila ko Saudiyya, ana zagaye kuna latsa waya a ƙarƙashin folda. Ba na hana kowa neman arzikinsa, amma muddin sunanka ne a jadawali, yaran nan amana ce a wuyanka har gari ya waye. Tsofaffin sistoci kuwa, ka gaishe su da sunansu, in ɗaya ta ce maka yaron nan bai yi mata ba, ka ajiye abin da kake yi ka bi ta ko da ba ta iya faɗa maka dalili ba. Ni ma ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, wayata ba ta kwana a kashe.

Litinin ta farko da ka karɓi ɗakin zan shigo zagaye ƙarfe bakwai da rabi. Ba daga gado na ɗaya zan fara ba, daga wanda ya fi nisa da teburin sistoci zan fara. Ka tanadar mini takardar gwajin suga ta daren da gwangwanin tsinke, zan ƙirga.