Jami'a ta ce binciken malamanta na cikin waɗanda aka fi ambata a duniya: in dogara da wannan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digiri na farko a kimiyyar ƙasa da duwatsu, ina neman inda zan yi na biyu. Na ga wata jami'a tana shelar cewa binciken malamanta a kimiyyar ƙasa da lissafi na cikin waɗanda aka fi ambata a duniya. Da na duba, sai na tarar maƙalun kimiyyar ƙasa suna da ambato dubbai, na lissafi kuwa ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka. Shin sashen lissafin ne ya fi rauni? Kuma yawan ambato hujja ce ta ingancin bincike, har in dogara da shi wajen zaɓen wurin karatu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta farko amsarta a'a ce, babu ko tantama. Ta biyun kuwa tana son a zauna a kanta, domin ambato yana auna wani abu na gaske, sai dai ba shi ne abin da shelar jami'ar ke so ki fahimta ba.

Duk maƙalar bincike tana ƙarewa da jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su, kuma kowane suna a jerin nan ambato ɗaya ne ga mai aikin. Eugene Garfield na Amurka ne ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan jeri a 1955, ya kuma fara fitar da kundinsu a 1964. Kamfanin Clarivate ne ke riƙe da wannan rumbun a yau. A tsarinsu an kasa kimiyya gida 22, kimiyyar ƙasa na da gidanta, lissafi na da nasa. Ana cewa maƙala na cikin waɗanda aka fi ambata idan ta shiga kashi 1 cikin 100 na sama a fanninta, tsakanin sa'o'inta da suka fito shekara ɗaya da ita, cikin shekaru 10 na baya-bayan nan. Kin ga ke nan su kansu masu ƙirgar ba sa gwada maƙalar lissafi da ta duwatsu. Hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Masana lissafi ba su cika yawan rubutu ba. Mutum ɗaya ko biyu ne ke rubuta maƙala, jerin madogararta gajere ne, kuma tantance ta kan ci shekara ko fiye saboda sai an bi hujjar layi-layi. A kimiyyar ƙasa kuwa tawaga ce ke fita fili, tawaga ce ke aikin ɗakin gwaji, maƙala ɗaya ta ambaci ayyuka ɗari ba abin mamaki ba ne. Sannan amfanin lissafi kan makara ƙwarai kafin ya bayyana. A ƙarni na 18 Leonhard Euler ya tabbatar da cewa duk wani motsi na ƙaƙƙarfan abu a kan ƙwallo juyawa ce a kewayen wani layi da ya ratsa ta tsakiyar ƙwallon. Sai a 1967 da 1968, kusan shekaru 200 bayan nan, Dan McKenzie da Robert Parker, da kuma Jason Morgan na Jami'ar Princeton, suka ɗauki wannan ƙa'ida suka bayyana yadda manyan faranten ɓawon duniya ke tafiya. Ma'aunin da ke duban shekaru 10 kacal ba zai taɓa hango irin wannan ba. Haka Grigori Perelman, da ya warware shahararriyar matsalar lissafi ta Poincaré, maƙalunsa uku na 2002 da 2003 a rumbun arXiv na intanet ya ajiye su, bai kai wa wata mujalla ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne ƙungiyar masana lissafi ta duniya da takwarorinta biyu suka fitar da rahoto a 2008 suna gargaɗi kan auna masani da alƙaluman ambato kaɗai.

To a fanninki, wane irin aiki ne ke tara ambato? Na tabbata kin ci karo da sunayen masanan sinadaran duwatsu biyu, Sun da McDonough. Maƙalarsu ta 1989 an ambace ta sau dubun dubata, kuma akasarin masu ambaton tebur ɗaya ne ya kai su: teburin da ya jera adadin sinadarai a cikin wani nau'in duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, da na sashen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya tun asalinsa, da na baƙaƙen duwatsun aman wuta na ƙarƙashin teku. Duk wanda ya auna sinadaran dutsensa sai ya raba da waɗannan alƙaluma kafin ya zana jadawalinsa, don a iya gwada nasa da na wani. Duk zane, ambato ɗaya. Haka samfurin cikin duniya da Adam Dziewonski na Harvard da Don Anderson na Caltech suka wallafa a 1981, wanda ya ba da nauyin abin da ke ciki da saurin igiyar girgizar ƙasa a kowane zurfi, tun daga doron ƙasa har cibiya, kilomita 6,371. Mai nazarin girgizar ƙasa da shi yake fara gwada sakamakonsa. Haka manhajar zana taswira ta GMT, wadda Paul Wessel da Walter Smith suka soma tun suna ɗalibai a cibiyar Lamont ta Jami'ar Columbia a ƙarshen shekarun 1980, suka sake ta kyauta.

Dubi abin da ya haɗa su: tebur, samfuri, manhaja. Kayan aiki ne. Matsayinsu matsayin sikeli ne, wanda kowa ke ɗora kayansa a kai kullum. Ni ina girmama irin wannan aiki matuƙa, don yana cin shekaru da haƙuri, kuma kuskure ɗaya a cikinsa zai gurɓata binciken dubban mutane. Amma yawan ambatonsa yana gaya miki hannaye nawa suka miƙa gare shi ne, bai gaya miki zurfin tunanin da ke ciki ba. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce hanyar auna furotin ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan siffar ƙwayar gado ba ta ma shiga jerin ba. Tunanin da ya yi nasara sosai yakan koma littafin aji, a daina ambaton mai shi. Yau wa ke ambaton Vine da Matthews na 1963 duk sanda ya ce ƙasan teku na buɗewa? Wani tunanin kuma yakan riga zamaninsa: Alfred Wegener ya ce nahiyoyi na tafiya tun 1912, ya rasu a 1930 mafi yawan masana ba su yarda da shi ba.

Abin da ya fi jan hankalina a shelar da kika gani shi ne haɗuwar fannonin biyu a jami'a ɗaya, don a mahaɗarsu aka haifi wasu daga cikin ayyukan da suka fi daɗewa ana mora. Injiniyan ma'adinai Danie Krige ya lura a mahaƙar zinariya ta Witwatersrand, a Afirka ta Kudu, cewa idan aka ƙiyasta arzikin wani yanki da samfuran da aka ɗebo a cikinsa kaɗai, ana zuzuta yankunan da suka nuna yalwa, ana kuma rage wa waɗanda suka nuna ƙaranci. Ya wallafa maganinsa a 1951. Georges Matheron na makarantar ma'adinai ta Faris ya ɗauki wannan dabara ya gina mata ginshiƙi na lissafi a farkon shekarun 1960, ya raɗa mata sunan Krige. Tushenta mai sauƙi ne: samfura biyu da ke kusa sun fi kama da juna a kan na nesa. Sai a auna yadda kamannin ke raguwa da nisa, a ba kowane samfuri nauyin da ya cancanta, a fitar da ƙiyasin wurin da ba a haƙa ba tare da girman kuskuren da za a iya yi. Wannan na ƙarshen shi ne darajarta, domin kamfanin da zai zuba dukiya a rami yana son sanin iyakar abin da bai sani ba. Yau masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, da masu nazarin ƙasar noma, da masu auna gurɓatar iska duk da ita suke aiki.

Jean Morlet kuma injiniya ne a kamfanin mai na Elf Aquitaine a Faransa. Aikinsa aika ƙara cikin ƙasa da sauraron dawowarta don gane shimfiɗun duwatsu. Tsohuwar hanyar lissafi ta Fourier tana faɗin irin igiyoyin da ke cikin ƙarar, amma ba ta faɗin lokacin da kowace ta iso, alhali lokacin ne ke nuna zurfi. Sai ya ƙirƙiri ƙananan igiyoyi da ake miƙewa ana matsewa, ya nemi Alex Grossmann a Marseille suka wallafa a 1984. Yves Meyer ya faɗaɗa ilimin har ya karɓi babbar lambar yabon lissafi ta Abel a 2017, Ingrid Daubechies kuma ta fitar da maƙalarta ta 1988 wadda tsarin matse hoto na JPEG 2000 ya amfana da aikinta. A rumbun ƙirga, ana sa maƙala a fanni ne galibi bisa mujallar da ta fito a ciki, saboda haka ambaton nan ya tafi gidan lissafi, alhali neman mai ne ya haife shi.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗi. Tunda ambato kaɗan ya isa a kai maƙalar lissafi sama, ƴan tsirarun mutane da suka haɗa baki suna ambaton juna a mujallu marasa ƙarfi za su iya cika jerin. Abin ya yi ƙamari har Clarivate ta cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerin masanan da aka fi ambata na 2023. Tun 2011 ma mujallar Science ta ruwaito yadda wasu jami'o'i ke biyan fitattun masana na wasu ƙasashe don su rubuta sunan jami'ar a maƙalunsu, ko da ba sa zama a can sai ƴan makonni. Ban ce jami'ar da kika gani haka ta yi ba, kuma bai dace ki zarge ta ba tare da hujja ba.

Gani ya kori ji, don haka ki buɗe maƙalun da kanki. Ki duba su wa ke ambatonsu: masana ne daga wurare mabambanta, ko marubutan ne da abokansu ke ta maimaita juna? Ki duba matsayin malamin jami'ar a cikin aikin, shi ya jagoranta ko sunansa na talatin ne cikin arba'in. Ki bambance maƙalar da ta kawo sabon abu da wadda ta tattara abin da wasu suka yi, don ta biyun a al'ada ta fi tara ambato. Ga na lissafi, rumbunan MathSciNet da zbMATH suna ɗauke da sharhin da masana suka rubuta kan maƙalu, kuma sharhi ɗaya na gwani ya fi alƙaluma gaya miki gaskiya. Bayan wannan ki rubuta wa malamin da kike so ya duba aikinki, ki tambaye shi ko yana zaune a sashen, ɗalibai nawa ke hannunsa, sunayen ɗalibansa na fitowa a farkon maƙalu ko a'a, kuma na'urorin ɗakin gwajin suna aiki ko sai an aika samfur wani wuri. Idan kin samu tsofaffin ɗalibansa, ki ji ta bakinsu.

Ki tambaya kuma ko ɗalibin kimiyyar ƙasa na da damar ɗaukar darussa a sashen lissafi, musamman ƙididdiga da aljabarar jeri da hanyoyin warware lissafi da kwamfuta, da ko akwai maƙala ko ɗaya da malaman sassan biyu suka rubuta tare. Idan akwai, kuma amsoshin malamin sun gamsar da ke, ki nemi gurbin. Allah ya ba da sa'a.