Tambayi Likita: Taron masu son rabuwa da giya

Tambaya: Likita, shekarata 38, direba ne ni. Sau uku ina rantsuwa na bar giya, sau uku ina komawa. An ce min akwai taron da masu irin matsalata ke yi. Me ake yi a can? Daga wani bawan Allah a Kaduna.

Amsa: Malam, kafin mu je ga taro, bari in tambaye ka. In ka tashi da safe, hannunka na karkarwa har sai ka ɗan kurɓa sannan ya tsaya? In haka ne, kada ka yanke sha rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya kullum yakan fara bore tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe: gumi, tashin zuciya, rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga kamar masu farfaɗiya cikin kwana biyun farko. A kwana na biyu ko na uku kuma mutum na iya rikicewa, yana gane-gane yana surutai, har 'yan uwa su zaci aljanu ne. Wannan yana kisa. A asibiti ake saukar da mutum sannu a hankali, da magani da bitamin B1. Taro ba ya yin wannan aikin.

Amfanin taro yana zuwa ne bayan an sallame ka, ranar da ka sauke fasinja da yamma, aljihu da kuɗi, ga tsofaffin abokai suna ɗaga maka hannu. Mafi shahara shi ne na Alcoholics Anonymous, wato AA, wanda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita mai suna Bob Smith, suka fara a garin Akron na Amurka a 1935. Ana zama kamar awa ɗaya. Ba likita, ba mai wa'azi, duk wanda ke wurin ya san ɗanɗanon abin. Mutum ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ba da labarin yadda makonsa ya kasance, ba mai katse shi. In ba ka son magana, ka yi shiru ka saurara. Ba a biyan kuɗin shiga, sharaɗin kawai shi ne kana son dainawa. Daga baya za ka zaɓi wani da ya daɗe da bari, wanda za ka buga wa waya lokacin da sha'awar ta taso, ko da tsakar dare ne. A ganina wannan lambar wayar ta fi duk abin da ake karantawa a wurin amfani.

Tambaya: Ni Musulmi ne, an ce taron na Kiristoci ne. Kuma ina tsoron wani ya gan ni ya kai labari unguwa. Daga Kano.

Amsa: Gaskiya ne cikin Kiristoci ya samo tushe, kuma a wurare da yawa a harabar coci ake ba su ɗaki. Amma matakai 12 da 'yan AA ke bi wajen barin giya sun bar wa kowa ya nemi taimakon Ubangiji yadda ya san Shi. Musulmin Amurka ma sun kafa nasu mai suna Millati Islami a Baltimore, akwai kuma SMART Recovery da ba ya sako addini ko kaɗan. Batun tonon asiri, dokar wurin ita ce abin da aka ji a nan a bar shi a nan. Wanda ya gan ka, ai shi ma abin da ya kawo ka ne ya kawo shi.

Tambaya: Mijina yana shan goskolo, ya ce shi ba shi da matsala. In sa yayyena su kai shi dole? Daga wata baiwar Allah a Jos.

Amsa: Hajiya, wanda aka ja da ƙarfi yakan zauna bakin ƙofa yana duba agogo. Ki yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, kuma ki daina biya masa bashin mashaya ko yi wa wurin aikinsa ƙarya saboda shi. Ke ma akwai taki ƙungiyar, Al-Anon, wadda aka kafa a 1951 don iyalan mashaya. In kuwa yana dukanki ko yara, tsira da lafiyarku ne kan gaba.

Tambaya: A ina zan samu irin wannan taro kusa da ni?

Amsa: Ba su da yawa a garuruwanmu. Fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ka tambaya ko suna haɗa waɗanda suka sallama su riƙa zama tare. Ofisoshin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ma suna da masu ba da shawara. In duk babu, AA na yin taro ta intanet dare da rana, galibi da Turanci, kuma kana iya rufe kyamararka. Ka halarci zama biyar ko shida kafin ka ce bai yi maka ba.