Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Aka Hana Kamun Kifi a Inda Kogin Salum Ke Shiga Teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni masunci ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa. Wana ya je ziyara Kaulaha ta ƙasar Senegal, ya dawo yana cewa akwai wani yanki a inda koginsu ke shiga teku da aka killace, aka hana kowa jefa koma. Yaya wurin yake, kuma da me masuntansu suke ci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Yayanka bai faɗi ƙarya ba. Kogin da ya ratsa Kaulaha sunansa Salum, kuma kafin ya kai tekun Atilantika yakan rarrabu zuwa manyan rassa 3, wato Salum da Diyombos da Bandiyala, tare da ɗimbin ƙananan hanyoyin ruwa da tsibirai a tsakaninsu. Gwamnatin Senegal ta mai da wani sashe na yankin, mai faɗin hekta 76,000, gandun ƙasa a 1976, aka sa shi cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 1984, sannan hukumar UNESCO ta ƙidaya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Abin da ya bambanta irin wannan wuri da fadamarmu shi ne, teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, saboda haka ruwan gishiri yakan kutsa cikin kogin, ya lulluɓe taɓo, ya koma ya bar shi a fili. A kan wannan taɓo ne itacen da ake kira mangurof yake tsirowa, mai saiwoyi a sarari kamar ƙafafu, kuma a cikin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi da jatan lande suke ɓuya har su yi ƙwari. A ganina duk darajar wurin tana nan, domin kifin da ake kamawa can cikin teku, da yawansa a nan ya yi ƙuruciya.

Salum yana da wani hali na ban mamaki. A mafi yawan koguna, ruwa yana ƙara daɗi ne yayin da mutum ke nisa da teku, amma a nan, tun bayan farin shekarun 1970 da ya rage ruwan da ke gangarowa daga tudu, zafin rana yana ƙafar da ruwan ya bar gishirin, har ta kai ruwan da ke wajen Kaulaha ya fi na teku gishiri. Shi ya sa ake haƙar gishiri a gefen garin, kuma shi ya sa mangurof ya mutu a wurare da dama. Ku da kuka ga yadda ambaliyar fadamar Haɗejiya ta sauya bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, da yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kun fi kowa sanin cewa abin da ya faru a saman kogi, na ƙasa ne ke ɗanɗana shi.

Game da hana kamun kifi kuwa, ba duk yankin aka rufe ba. Wanda ya fi shahara shi ne reshen Bambun, mai kusan hekta 7,000, wanda aka daina su a cikinsa a 2003 da amincewar ƙauyuka 14 na kewaye. Masu gadinsa 'yan ƙauyukan ne, ba baƙi ba, kuma an gina masaukin masu yawon buɗe ido domin kuɗin da ya shigo ya taimaka wajen biyansu. Masu binciken da suka bi wurin shekara da shekaru sun ga manyan kifaye sun ƙaru. Masunta suna ci gaba da sana'arsu a sauran rassan da kuma cikin teku, ko da yake ba zan ɓoye maka ba, wanda gidansa ke bakin reshen da aka rufe dole ya ƙara nisan tuƙi, kuma wannan nauyi ne na gaske.

Matan ƙabilar Serer na tsibiran kuma suna tsintar halittun ruwa masu ɓawo, dangin katantanwa, da ke manne a saiwoyin mangurof. A da wasu kan sare saiwar gaba ɗaya, yanzu kuwa da yawa suna rataya igiyoyi a ruwa domin halittun su kama a jiki.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinka, Malam, tunda ka san yadda sarkin ruwa ke hana shiga tafki har ranar da za a buɗe su. Dausayin Baturiya da ke kusa da ku ma yana cikin jerin Ramsar tun 2008, kuma wasu daga cikin irin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu suna sauka a Baturiya kamar yadda suke sauka a taɓon Salum.